Badaƙalar jarrabawar Atlanta: an ce yara sun ci, aka janye musu lesin

A shekarar 2005 yaran aji takwas na makarantar Parks, wata ƙaramar sakandare da ke birnin Atlanta a Amurka, kashi 24 cikin 100 ne kawai suka ci lissafi a jarrabawar jiha. Shekara na zagayowa, 2006, aka ce wai kashi 86 ne suka ci. Karatu ma haka, daga 35 ya yi tsalle zuwa 78. Unguwar nan dai ita ce, unguwar talakawa ce da ake kira Pittsburgh a kudancin birnin, iyayen yaran ba wata dukiya suka tsinta ba, abin da aka sani ya canza shi ne an kawo sabon firinsifal mai suna Christopher Waller. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ko na zango ɗaya ne ya san yaron da ba ya iya raba 12 gida uku bara ba zai wayi gari bana ya zama gwani ba, balle aji guda, balle makaranta guda. Amma maimakon wani ya ce ku tsaya mu duba, sai aka yi ta tafi ana kai baƙi makarantar suna ganin abin al'ajabi.

Sai an ɗan fahimci yadda suke tafiyar da makarantun gwamnati a can kafin a gane inda gizo ke saƙar. A Amurka ba gwamnatin tarayya ke riƙe da firamare da sakandare ba, kuma jiha ma ba ita ke ɗaukar malami kai tsaye ba. Kowane yanki yana da gundumar makarantu tasa, kusan kamar hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a wajenmu, sai dai tasu tana da ƙarfi sosai don ita ke ɗaukar ma'aikata ita ke kora, kuma babban kaso na kuɗinta daga harajin gidaje da filaye na mutanen yankin yake fitowa, jiha ta ƙara nata, tarayya ta ɗan yayyafa musamman saboda yaran talakawa. Mutanen gari ke zaɓen 'yan hukumar gudanarwa, a Atlanta mutum tara ne, su kuma su ɗauko mutum ɗaya da kwantiragi su ba shi ragamar komai, shi ake kira sufurtanda. Ƙarƙashinsa akwai mataimaka, da daraktocin shiyya da kowanne ke kula da wasu makarantu, sai firinsifal-firinsifal, sai malamai. Kuma aikin gunduma bai tsaya a aji ba fa, motar kai yara makaranta, abincin rana, nas, masu ba yara shawara, ajin yara masu buƙata ta musamman, lesin na waɗanda aka bari a baya, duk a wuyanta suke. Gundumar Atlanta a wancan lokacin tana da yara wajen 50,000, mafi yawansu baƙaƙen fata ne kuma mafi yawansu daga gidajen da ba su da ƙarfi.

A 1999 aka ɗauko Dakta Beverly Hall ta zama sufurtanda. Haifaffiyar Jamaika ce, ta yi koyarwa da shugabancin makarantu a New York, sannan ta riƙe gundumar Newark a jihar New Jersey kafin ta zo. Kafin zuwanta kujerar ta zama kamar ta haya, wannan ya zo ya tafi wancan ya zo ya tafi, ita kuwa ta zauna shekara 12. Mace ce mai son lissafi da alƙaluma, kuma takenta da kowa ya haddace shi ne babu togiya babu uzuri, wato kada malami ya zo mata da zancen wai yaron nan bai ci abinci ba ko uwarsa ba ta gida ko an kore su daga gidan haya. In ka duba ta wata fuskar maganar tana da kyau, domin an daɗe ana fakewa da talauci ana barin yaran baƙaƙe ba a koya musu komai. Manyan 'yan kasuwan Atlanta suka rungume ta, gidauniyar Gates da ta kamfanin General Electric suka zuba miliyoyin daloli, a 2009 ƙungiyar shugabannin makarantu ta Amurka ta ba ta lambar gwarzuwar sufurtanda ta ƙasa baki ɗaya.

To a daidai wannan zamanin ne dokar ilimi ta Shugaba George W. Bush ta fara aiki, wadda ya sa wa hannu a Janairun 2002, ana kiranta No Child Left Behind. Dokar ta ce dole kowace jiha ta riƙa yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi duk shekara, kuma dole kowace makaranta ta nuna ci gaba shekara bayan shekara har a kai 2014 inda wai kowane yaro, ɗari bisa ɗari, zai zama ya iya. Makarantar da ta gaza shekara biyu a jere sai a sa ta a jerin masu buƙatar gyara, a ba iyaye damar cire 'ya'yansu su kai wata, in ta ƙara gazawa dole a samar wa yaran talakawan cikinta lesin kyauta, in abin ya ci gaba ana iya sauya ma'aikatan ko a karɓe makarantar gaba ɗaya. Jarrabawar jihar Jojiya, inda Atlanta take, a lokacin sunanta CRCT, irin ta canki-cankan nan ce da yaro zai cike ɗan da'ira da fensir inji ya duba. Kuma a Jojiya a lokacin yaron aji uku sai ya ci karatu, na aji biyar da na aji takwas sai sun ci karatu da lissafi kafin su wuce gaba, wanda ya faɗi a ba shi ƙarin darasi lokacin dogon hutu ya sake rubutawa. Ku riƙe wannan, don nan ne cutar take.

Hall ba ta tsaya a ma'aunin tarayya ba, ta kafa nata taget ɗin da ya fi shi tsauri. Kowace makaranta za a ba ta lambobi, ka rage yawan waɗanda suka faɗi da kaza, ka ƙara yawan waɗanda suka yi fice da kaza, kuma da sakamakon bara ake auna na bana alhali ba yaran bara ba ne a ajin. Firinsifal shekara uku ake ba shi, in bai kai ba ya san inda dare ya yi masa, kuma a tsawon mulkinta kusan kashi 90 na shugabannin makarantun an canza su. Makarantar da ta cika kashi 70 na taget ɗinta kuwa kowa zai samu bonas har da masu dafa abinci, malami yana iya samun har dala 2,000, ita kanta Hall masu gabatar da ƙara sun ce bonas ɗin da ta karɓa a tsawon shekarun ya haura dala 500,000. Duk shekara kuma ana tara ma'aikatan gundumar a babban filin wasan nan na Georgia Dome, makarantun da suka cika taget a zaunar da su a ƙasa tsakiyar fili kusa da manya, waɗanda ba su cika ba a tura su can saman benci, 'yan mowa da 'yan bora ƙiri-ƙiri a gaban dubban mutane. Rahoton bincike ya kawo labarin wata makarantar firamare mai suna Fain inda aka sa malamin da yaransa ba su ci ba ya yi rarrafe ya shiga ƙarƙashin tebur ana tsakiyar mitin ɗin malamai. Babban mutum fa.

Abin da ya fi ɗaure mutane a wannan tsarin shi ne in ka yi maguɗi sau ɗaya ka shiga kenan ba fita. Ka ɗaga maki bana da ƙarya, baɗi taget ɗinka daga kan wannan ƙaryar za a lissafa a ƙara maka, to da me za ka kai in ba da wata ƙaryar da ta fi ta ba? Sannan makarantar gaba ma ta shiga uku, domin yara za su zo mata daga firamare da takarda tana cewa sun yi fice a karatu, a ba su littafi su kasa haɗa jimla, in firinsifal ɗin ya bari suka rubuta da gaskiya maki zai faɗo warwas a ce shi ne ya lalata yara. Wannan ita ce hujjar da mutanen Parks suka riƙa ba kansu, kuma ba ƙarya suka yi a kan yanayin yaran da ake turo musu ba.

Yadda ake yin aikin kuwa, wallahi in ka karanta bayanan sai ka rasa dariya za ka yi ko kuka. A Parks takardun tambayoyi suna zuwa a naɗe cikin leda a kulle a ɗaki, wani malamin lissafi ya shiga da reza ya tsaga ledar a hankali ya zaro kwafi ɗaya ya yi hoto, ya mayar, sannan ya ɗumama rezar da layita ya manne ledar kamar ba a taɓa ba. Bayan yara sun gama rubutawa kuma a san yadda aka yi aka janye jami'in da ke kula da jarrabawar daga wajen, wasu amintattun malamai su shiga da kilina da fensir su yi ta goge amsar da ba daidai ba suna cike ta daidai. A firamaren Venetian Hills malamai bakwai ne ake kira shafaffu da mai, duk yamma a makon jarrabawa sai su kulle kansu a wani ɗaki mara taga su yi ta gogewa, kuma an ba da shaida cewa ita shugabar makarantar safar hannu take sawa in za ta taɓa takardun don kada a ga zanen yatsunta. Malaman firamaren Gideons su kam gida suka ɗebi takardun suka kai, a ƙarshen mako, aka zauna kamar ana walima ana gyara. Wasu ba su ma wahalar da kansu da kilina ba, a cikin aji malama za ta karanta tambaya ta ɗan ja murya a kan amsar da ke daidai, ko ta tsaya a kan yaro ta nuna masa da yatsa, ko a zaunar da mai rauni kusa da mai ƙoƙari.

Mu da muka san santocin nan da ake biya a rubuta wa ɗalibi jarrabawa za mu ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Amma akwai bambanci babba. A wancan ɗalibi da iyayensa sun san abin da suka saya. A Atlanta yawancin yaran ba su san an taɓa takardarsu ba, uwa za ta karɓi sakamako ta ga ɗanta ya ci ta yi murna, ta yarda da takardar gwamnati fiye da abin da idonta ke gani in ya zauna yana kokawa da littafi a gida.

Kuma ba wai ba a samu masu magana ba. Tun farkon 2006 wasiƙu suka isa hedikwata cewa ana matsa wa malaman Parks su yi maguɗi, gundumar ta ɗauko mai bincike daga waje, ya dawo ya ce lallai biri ya yi kama da mutum a jarrabawar rubutu ta aji takwas, ya kai rahoto har gaban Hall. Ba abin da ya samu Waller, sai ma ƙarin yabo, malamar da ta yi ƙorafi ita aka yi wa canjin makaranta. Haka abin ya riƙa tafiya a wurare da dama, ka kai ƙara a juyo da binciken kanka, a buɗe maka fayil a ce aikinka ne ba ya kyau, a ƙi sabunta maka kwantiragi. Ɗaya daga cikin shafaffu da man nan ta Venetian Hills, wadda daga baya ta yarda aka maƙala mata rekoda ta naɗo maganganun abokan aikinta, ta ce abin da ya sa ta yi shiru shekara da shekaru shi ne ita kaɗai ke riƙe da 'ya'yanta ba za ta iya rasa aikin ba. Ni dai a nan nake ganin asalin laifin shugabancin yake. Ofis ɗin da ya kamata ya zama inda malami zai kai kuka, wato ɓangaren ma'aikata da na binciken cikin gida, shi ya koma wurin binne magana, har shugabar sashen ma'aikatan gundumar, Millicent Few, tana cikin waɗanda suka amsa laifi a kotu daga baya.

Yanzu ga abin da yaran suka rasa, wanda shi ne ba a cika tsayawa a kansa ba saboda labarin reza da safar hannu ya fi daɗin bayarwa. Duk wani taimako da tsarin ya tanadar wa yaro mai rauni, faɗuwa jarrabawa ce ƙofar shigarsa. Ƙarin darasin dogon hutu sai wanda ya faɗi. Ajin tallafi na musamman da ake cire yara kaɗan a zauna da su, da maki ake zaɓa. Lesin kyauta da dokar tarayya ta wajabta sai makarantar tana cikin jerin masu buƙatar gyara. Hatta yaron da ke da wata matsalar koyo da ya kamata ƙwararru su duba shi, sau da yawa makinsa ne ke fara ɗaga tuta a ce a gwada shi. To an zo an goge faɗuwar, me ya rage? Yaro ya ci a takarda, saboda haka ba ya buƙatar komai, a tura shi aji na gaba, can ma a goge masa, har ya isa babbar sakandare yana karatu irin na ɗan aji uku ko huɗu, a lokacin kuma ya girma kunya ta hana shi cewa bai iya ba, daga nan sai fashin makaranta, daga nan sai a neme shi a rasa. Makarantar Parks kanta, saboda makinta ya yi kyau har an cire ta daga jerin masu buƙatar gyara, masu bincike sun ce ta yi asarar dala 750,000 na tallafin jiha da tarayya. Kuɗin da za a ɗauki masu lesin da su kenan, a unguwar da ta fi kowa buƙata. An ba manya bonas na 'yan dubbai, an janye wa yara dubu ɗari bakwai da hamsin.

Ba hukumar gudanarwa ce ta tona ba, su da aka zaɓa don sa ido. 'Yan jarida ne. Jaridar Atlanta Journal-Constitution, ta hannun Heather Vogell da John Perry, ta fara buga labari a Disambar 2008 kan wasu makarantu da makinsu ya yi tashin da hankali ba zai ɗauka ba a jarrabawar maimaici, a 2009 suka sake fitowa da lissafin da ya fi wancan faɗi. Jiha ta sa kamfanin da ke duba takardun ya ƙirga wani abu mai sauƙi, a kowace takarda sau nawa aka goge amsa mara kyau aka mayar da ita mai kyau, don injin yana iya ganin tabon gogewa. Yaro da kansa yakan goge ɗaya ko biyu, wani lokacin ma daga daidai ya koma kuskure. Amma a ce aji guda kowa ya goge da yawa kuma kusan duk gogewar ta faɗa daidai, ai ruwa ba ya tsami banza. Sakamakon da ya fito a farkon 2010 ya nuna makarantun Atlanta 58 da alamar tambaya, a Parks kusan aji tara cikin kowane goma. Da aka tura masu sa ido daga jiha a jarrabawar 2010, maki a yawancin makarantun nan ya rikito.

Gundumar ta kafa kwamitinta na manyan gari da 'yan kasuwa, suka fito suka ce matsalar ta fi yawa ne a makarantu 12 kawai. Gwamna Sonny Perdue ya ce bai gamsu ba, a Agustan 2010 ya naɗa masu bincike na musamman, Mike Bowers tsohon antoni janar na jihar, da Bob Wilson tsohon mai gabatar da ƙara, da Richard Hyde, aka haɗa su da jami'an hukumar binciken manyan laifuka ta jiha, waɗanda yi musu ƙarya kaɗai laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari. Nan fa bakuna suka fara buɗewa. Sun yi hira sama da 2,100, sun duba takardu sama da 800,000. Ranar 5 ga Yulin 2011 sabon gwamna Nathan Deal ya fitar da rahoton: an yi maguɗi a makarantu 44 cikin 56 da aka bincika, ma'aikata 178 ne da hannu, 38 daga cikinsu shugabannin makarantu ne, 82 sun amsa da bakinsu, kuma abin ya faro tun wajen 2001. Rahoton ya ce tsoro da barazana da ramuwar gayya su ke mulkin gundumar, kuma Hall ko dai ta sani ko kuma ya kamata a ce ta sani. Ita lokacin ta riga ta sauka a watan Yuni. 'Yan hukumar gudanarwa kuwa suna can suna rigimar kujera a tsakaninsu har hukumar da ke tantance makarantu ta sa manyan sakandaren birnin a matakin gargaɗi a farkon shekarar.

Erroll Davis, wanda ya taɓa shugabantar jami'o'in jihar, shi aka kawo ya riƙe. Ya aika wa waɗanda aka ambata takarda, ko ka ajiye aiki ko a kore ka. Ku yi tunanin gundumar da za ta nemo sababbin firinsifal kusan arba'in da malamai sama da ɗari ana saura 'yan makonni a koma hutu, kuma a makarantun da dama ba kowa ke son zuwa aiki can ba. Waɗanda suka ƙi tafiya kuma dole aka ci gaba da biyansu albashi suna zaune a gida har a saurari kowa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka ƙwace musu lasisin koyarwa, wasu 'yan kaɗan aka wanke su suka koma aiki bayan sunansu ya riga ya zaga duniya.

A ƙarshen Maris 2013 mai gabatar da ƙara na yankin Fulton da Atlanta ke ciki, Paul Howard, ya gurfanar da mutum 35 har da Hall, kuma da dokar RICO ya kama su, dokar da asalinta don gungun 'yan mafiya aka yi ta, hujjarsa ita ce sun haɗa baki sun yi ƙarya don su ci kuɗin bonas. Mutum 21 suka amsa laifi aka sassauta musu, Waller na ciki, ya dawo ya zama shaida. Mutum 12 suka tsaya shari'a, aka fara sauraron shaidu a Satumbar 2014, aka shafe wata da watanni, a lokacin ba a taɓa shari'ar laifi mai tsawonta a jihar ba. Hall ba ta zauna a kotun ba saboda sankarar mama da ta ci ƙarfinta, ta rasu ranar 2 ga Maris 2015, har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa ita ba ta san ana yi ba. Ranar 1 ga Afrilu aka samu 11 da laifi aka wanke ɗaya, nan take alƙali Jerry Baxter ya sa aka buga wa mafi yawansu ankwa aka wuce da su. Daraktocin shiyya uku ya yanke musu shekara 20, bakwai a gidan yari sauran a waje ƙarƙashin sa ido, bayan kamar mako biyu ya dawo ya ce hankalinsa bai kwanta ba ya rage zaman gidan yarin zuwa shekara uku.

Mutane sun rabu biyu a kan hukuncin. Irin su Andrew Young, tsohon magajin garin kuma na hannun daman Martin Luther King, sun roƙi a yi sassauci, wasu na cewa ga ma'aikatan bankin da suka jefa unguwanni irin su Pittsburgh cikin bala'in ƙwace gidaje a 2008 suna yawonsu, sai malaman makaranta baƙaƙe aka ga damar sa wa ankwa. Wasu kuma, ciki har da iyayen yaran da abin ya shafa, suka ce ai waɗanda aka cuta ma baƙaƙen ne kuma talakawa, wa zai tsaya musu? Ni a ganina duka biyun suna da gaskiya, malamin da ya ɗauki kilina ya san abin da yake yi, akwai dubban abokan aikinsa a gundumar da suka sha matsin nan ba su yi ba. Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma dokar 'yan mafiya a kan malamar aji ɗaya ta yi nauyi.

Wani abin da ke sa lamarin ya ƙi zama baƙi da fari shi ne akwai wata jarrabawar ta tarayya mai suna NAEP da ba malaman makaranta ke gudanar da ita ba, jami'ai ne daga waje, kuma a wannan ma makin Atlanta ya tashi sosai a zamanin Hall. Magoya bayanta da wannan suke kafa hujja har gobe. Ana muhawara kan ko sauyin irin mutanen da ke shigowa birnin ya taimaka, amma dai alama ce cewa an samu ci gaba na gaske, a hankali, irin wanda ake samu in an yi aiki. Sai dai tsarin da ta gina ba shi da wurin ajiye ci gaba a hankali. Firinsifal ɗin da ya ɗaga yaransa daga 24 zuwa 32 da guminsa saman benci za a tura shi, na kusa da shi da ya kai 86 da reza a ba shi kujerar gaba, kuma kowa a filin nan ya san yadda aka yi.

Jojiya ta yi watsi da CRCT bayan 2014 ta kawo wata jarrabawar, a Disambar 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta Bush, Parks kuma an rufe ta an haɗe yaranta da makarantar Sylvan Hills. Meria Carstarphen da ta zama sufurtanda a 2014 ta sa masana daga jami'ar Georgia State suka bi sawun yaran da aka fi goge wa takarda a 2009, suka gano sun ci gaba da zama a bayan takwarorinsu musamman a karatu da Turanci. Daga nan aka ƙirƙiro shirin Target 2021 don a ba su lesin da masu ba da shawara da masu bibiyar zuwansu makaranta, yara sama da dubu biyu aka gano suna nan a gundumar. Sai dai shirin bai kankama ba sai 2016, shekara bakwai bayan jarrabawar da aka bincika. Wanda yake aji biyar a 2009 lokacin yana shekararsa ta ƙarshe a sakandare, watanni kaɗan suka rage masa. 'Yan aji shida da bakwai da takwas na 2009, wato duk yaran Parks na wannan shekarar, lokacin gama sakandarensu ya riga ya wuce tsakanin 2013 da 2015, waɗanda aka goge wa takarda tun 2006 kuwa ba ma a maganarsu, shirin bai same su ba.